Sunan Da Gus Tillery Ya Ara Mini

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2023, da hantsi, Allah ya karɓi ran Augustus Tillery, wanda duk mai sana'ar ɗora murya a garin Burbank ya sani da Gus. Ya rasu a asibiti bayan jinyar huhu ta wata huɗu, yana da shekara saba'in da tara. Ya bar matarsa Joanne da 'yarsu guda ɗaya, Marcy. Ina tsaye a kicin ina yanka albasa Joanne ta bugo mini waya, ta ce, "Loretta, tsohon naki ya tafi." Na ce Allah ya jiƙansa, na ajiye wayar, na koma na ƙarasa yankan albasar don in sami abin da zan ɗora wa laifin hawayena.

Masu shirya mujallar tsofaffin 'yan wasa sun roƙe ni in rubuta ta'aziyyarka, Gus, wai cikin waɗanda suka rage ni na fi kowa daɗewa tare da kai. Na rubuta wata tun a makon farko, mai laushi, babu ƙaya a cikinta ko ɗaya. Na yaga ta. Wannan ce ta biyu. Zan faɗi alherinka, domin yana da yawa kuma na ci moriyarsa. Zan kuma faɗi abin da ka yi mini, domin kai ne babban shaidata a duniya, ka tafi da bakinka a rufe.

A 1993 na fara ganinka. Ina da katin ƙungiyar 'yan wasa a jakata, amma kati ba ya dafuwa a tukunya. Shekara ɗaya da rabi ba wanda ya kira ni ko tallan man goge baki. Sai na koma raba abinci a wani gidan cin abinci da ke titin Magnolia, ina riƙe da ɗana Rafael ni kaɗai. Mai dafa mana abinci ba ya ji sosai, sai an ƙwala masa. Ran nan na leƙa ta tagar kicin na ƙwala masa cewa ƙwai yana ƙonewa. Da na juyo sai na ga wani mutum mai sanƙo da tabarau a goshi ya ajiye cokali yana kallona.

Ka ce, "Baiwar Allah, don Allah sake yin ihun nan."

Na ce, "Malam, ci abincinka. In ihu kake so, ga filin ƙwallo can."

Ka yi dariya har ka ƙware. Ka ce akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu a ɓoye cikin maƙogwarona, kuma wata uku ke nan kana nemansa.

Yaron shi ne Toby, jarumin Takobin Tsawa, fim ɗin zane na faɗa da wani ƙaramin kamfani ya sayo daga Japan don a sa masa Turanci a nuna wa yara bayan an taso makaranta. Kai ne daraktan muryoyi. Mata ake nema su yi muryar yara maza, domin muryar yaron gaskiya takan fashe kafin a kai rabin aiki. Ka shigar da ni wani ɗan akurkin ɗaki mai soso a bango, ka ɗora mini abin ji a kunne, ka koma bayan gilashi kusa da Hector Salcido, injiniyan sauti. A gabana ga allo, ga bakin yaron yana buɗewa yana rufewa ba sauti. Ka ce zan ji ƙara uku a kunnena, tit, tit, tit, kuma a daidai inda ta huɗu ya kamata ta faɗo, nan zan shiga da magana. Na ce to ina ta huɗun? Ka ce, "Ba a jin ta. A zuci ake ƙirga ta." Sau goma sha ɗaya ina kuskurewa a ranar, ba ka ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya.

Matsala guda ce. Aikin ba na ƙungiya ba ne, kuma duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana irinsa a lokacin, tara ce ko kora. In aka kore ni, inshorar asibitinmu ta tafi, ga Rafael da asma. Kowa ya san yadda ake yi: a biya ka a hannu, ba takarda, a rubuta wani suna daban a jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri. Ka ce in zaɓi suna. Na kasa. Ka leƙa ta taga ka ga allon titin Alameda, ka ce, "Kit Alameda." Na ce Kit kuma daga ina? Ka ce sunan kyanwarka ne. Na ce, "Ka rasa wanda za ka raɗa mini sai na kyanwa?" Ka ce kyanwa ce mai mutunci, ba ta taɓa sata ba. Haka na zama Kit Alameda. Amma a cikin ɗakin aiki ba ka taɓa kirana da shi ba. Kafin kowace ɗauka kakan danna maɓalli ka faɗi lambar kashi da lambar ɗauka don su shiga kaset, sannan ka ce, "To, Loretta, naki ne."

Ba zan rage maka komai ba a wajen kirki. Fim ɗin faɗa ne, rabinsa ihu, kuma wasu daraktocin da ihun suke fara aiki tun da safe, su bar ɗan wasa ba murya kafin azahar. Kai kakan tara duk ihun mako ka bar shi sai Juma'a da yamma, don mu sami kwana biyu mu huta. Kana da wani tulun shayi na citta da zuma wanda ko kare ba zai sha ba, kuma ba mai fita ɗakin sai ya shanye kofi guda a gabanka. Lokacin girgizar ƙasar Janairun 1994 bangon gidan da nake haya ya tsage, aka hana mu shiga. Ka zo da motarka ka same mu zaune a bakin titi da bargo, ba ka tambaye ni komai ba, ka ɗauki Rafael ka sa a baya. Mako shida muka yi a gidanku. Marcy, tana da shekara goma sha takwas a lokacin, ta bar mana ɗakinta ta koma kan kujerar falo. Tun daga nan take kirana Anti. Takan biyo ni kicin tana kwaikwayon Toby don ta ba ni dariya, ni kuma ina gyara mata: sauke haɓa, tura muryar ta hanci, kada ki ja numfashi da ƙirji. Da hannuna na koya mata.

Sai kashi na talatin da tara, wanda har yau shi ake tunawa. A cikinsa aka kashe tsohon malamin Toby, yaron ya durƙusa a kan gawar. Gidan talabijin ya aiko da takardarsa kamar kullum: a goge jini, giya ta koma lemu, kuma ba a ambaton mutuwa a shirin yara. Aka rubuta mini in ce, "Ka yi tafiya mai nisa, Malam. Zan jira ka." Ni kuwa kwana tara ke nan da na dawo daga garin Socorro, inda muka binne mahaifina. Na jefar da takardar na ce ba zan faɗi wannan ƙaryar ba, mutum yana kwance a mace a ce ya yi tafiya, yaran mahaukata ne? Ka bar ni na gama faɗana tas. Sannan ka danna maɓalli ka ce, "Faɗi kalmominsu yadda suka rubuta. Ni da ke mun san inda tsohon ya tafi. In kin yarda, yaran ma za su sani." Ɗauka ɗaya muka yi. Ban san abin da ya fito daga bakina ba sai da aka nuna shi da ƙarfe huɗu na wata Laraba, ina zaune da Rafael a kan cinyata.

Wasiƙun yara suka yi ta zuwa har ka riƙa kawo mini su gida a kwandon wanki. Wata yarinya daga Ohio ta rubuto cewa ita ma an ce mata babanta ya yi tafiya, sai da ta ji muryar Toby ta gane. Suna nan a ɗakina har yau. Kowace ɗaya a bayanta an rubuta Kit Alameda.

A bazarar 1996 muryata ta karye. A kashi na sittin da biyar ne, faɗan ƙarshe, ihu guda mai tsawon daƙiƙa goma sha huɗu. A nan ma sai in faɗi gaskiya: a ɗauka ta biyar ka ce ya isa, ni na ce a sake. A ta tara na ji ɗanɗanon jini. Aka yi mini tiyata, likita ya ce wata uku ko tari kada in yi da ƙarfi. Ana cikin haka gidan talabijin ya ce yana son ƙarin kashi sittin da biyar kafin a koma makaranta. Ka zo gidana da miyar kaza da Joanne ta dafa, ka zauna kana juya hularka a hannu. Ka ce Marcy za ta yi riƙon ƙwarya har in warke, kuma za a bar sunan yadda yake don kada yara su rikice. Ina da ɗan allo da nake rubutu a kai. Na rubuta, "Har in warke." Ka karanta, ka ce, "Har ki warke."

Ban warke ba. Muryar da ta dawo mini ta wata tsohuwa ce mai shan taba, irin ƙarar ƙyauren da ya yi tsatsa. Ban taɓa ganin laifin kowa a kan wannan ba. Marcy ta yi kashi sittin da biyar ɗinta, ta yi ƙoƙari, ba wanda ya gane. Kai kuma ba ka yar da ni ba. Duk mayya, duk dodanniya, duk kakar wani da ta shigo hannunka, ni kake kira, da sunana na gaskiya. Da muryar mayu na biya wa Rafael makaranta. Na ɗauka mun rabu lafiya da Toby, rabi nawa rabi nata, mu uku mun sani, ya wadatar.

Sai 2004. Yaran da suka kalli shirin sun girma, suna ta shirya tarukan masoya, suna ɗinka kayan jarumai suna sawa. Rafael ya zo mini da takardar wani taro a Anaheim, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Kit Alameda za ta bayyana a karon farko. Na ce ikon Allah, ni ba a gaya mini zan bayyana ba. Muka je. Muka zauna a baya. Ga ka a kan dandamali, ga Marcy a gefenka. Wani saurayi ya tashi da takobin kwali a bayansa, ya tambaya yadda aka yi kashi na talatin da tara. Marcy ta juyo ta kalle ka. Kai ka karɓi abin magana. Ka ba su labarin takardar gidan talabijin, da yadda aka jefar da ita, da ɗauka ɗaya. Sannan ka ɗora hannu a kafaɗar Marcy ka ce, "A makon an yi wa Kit rasuwa, shi ya sa kuka ji abin da kuka ji."

Gus, har mutuwar ubana ka ara mata.

Na tare ka a wajen ajiye motoci. Ka gan ni, fuskarka ta yi fari fat. Ka fara da cewa kana kare ni ne daga ƙungiya. Na ce, "Kada ka raina mini hankali, shekara uku ke nan da na ajiye katin, kai ka raka ni." Sai ka sauke murya. Ka ce auren Marcy ya mutu, ba ta da sana'a, ba ta da komai sai wannan sunan, kuma masu shirya taro ba sa son jin labarin mutum biyu. Ka ce, "Bari yarinyar nan ta tsaya da ƙafafunta. Na rantse miki da bakina zan faɗa." Na ce to ba ni kaset ɗin ɗaukar farko, waɗanda kake kiran sunana a ciki, in ajiye a gidana, ba zan nuna wa kowa ba. Ka ce ruwa ya shiga ɗakin ajiyar kamfanin tun 1998 ya cinye su duka. Ka kalle ni ido cikin ido ka faɗa.

Na yarda. Ni ma sakarya ce, ban ɓoye ba. Shekara goma sha tara ina zuwa gidanku cin talo-talon bikin godiya, ina kawo muku tamale, ƙullin masara mai nama a ciki irin na mahaifiyata, ina zaune ina kallon hoton Marcy da Toby a bangon falo. Duk shekara idan na ɗauko zancen sai ka ce, "Ba yanzu ba, Loretta." Kamfanin ya rushe, takardunsa suka bi iska. Hector ya rasu a 2009. Sau ɗaya na gwada faɗa da kaina, na rubuta a wani shafin masoya na intanet cewa ni na yi kashi sittin da biyar na farko. Suka nemo muryata ta mayu suka liƙa, suka yi ta dariya, wani ya ce a kai kaka asibitin ƙwaƙwalwa. Ka gani. Ka bugo mini waya ka ce in daina karanta shirmen yara. Kalma ɗaya daga gare ka da ta kashe maganar.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru bara. Jikata Inez, 'yar Rafael, tana da shekara tara. Ubanta ya nuna mata shirin ya ce muryar kakarta ce. Yarinya ta tafi makaranta da murna ta faɗa wa 'yan ajinsu. Suka duba a wayar wani, hoton Marcy ya fito. Da na je ɗauko ta ta ƙi riƙe hannuna. Sai da muka shiga mota ta ce, "Kaka, me ya sa kika bari na yi ƙarya?" Na ce ba ƙarya ba ce. Ta ce, "To yi muryar in ji." Na buɗe baki, Gus. Na sauke haɓa, na tura ta hanci. Abin da ya fito ya sa yarinyar ta juya fuska ta taga. Tun daga ranar ba ta ƙara ambaton Toby ba, kuma in na ba ta labarin komai, ko na ƙuruciyata ne, sai in ga tana auna ni da ido.

Da wannan na zo maka asibiti a watan Fabrairu. Ka rame, ga robar iska a hanci, amma da ka gan ni sai ka buga yatsa a ƙarfen gado sau uku, ka nuna ni. Na yi dariya ban so ba. Na ce ban zo neman taro ba, ban zo neman hoto a bango ba, Marcy ta riƙe duka. Layi biyu kawai nake so da sa hannunka, in nuna wa yarinya 'yar shekara goma. Ka riƙe hannuna ka ce, "Bari in fita daga nan. Na yi tanadin komai, kada ki damu." Na gyara maka filo, na sumbaci sanƙonka, na tafi gida da sanyin zuciya.

Ranar Asabar, ashirin da biyar ga Maris, aka yi taron tunawa da kai a zauren coci. Mutane sun cika, har da masu furfura sanye da rigar Toby. Bayan addu'a aka sauke allo aka ce za a nuna aikin da ka fi alfahari da shi. Tun kafin hoton ya fito na san wanne ne. Na zauna a layi na shida ina jin kaina ina yi wa mahaifina kuka da muryar da na rasa. Da aka kunna fitila zauren duka ya miƙe ya juya wajen Marcy ana tafi, mata suna rungume ta. Inez tana gefena. Ita ma ta tafa.

Litinin da rana aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Marcy ce, idanunta sun kumbura, tana rungume da wani kwali. Ta wuce ni ta ajiye shi a kan teburin kicin, ta koma mota ta ɗauko tsohuwar na'urar kaset. Ta ce a garejinka ta same shi, a saman kantar ajiye kaya, inda ka ce mata ta duba in ta Allah ta kasance. An liƙa takarda a kan murfin. Na san rubutunka ko a cikin duhu. Ka rubuta: "Marcy, ki zubar da wannan. Kada ki buɗe, kada ki gaya wa Loretta." A ƙasa ka sa kwanan wata, uku ga Nuwamba, mako guda kafin a kwantar da kai.

Ashe tanadin ke nan.

Na ce, "Kin san abin da ke ciki?"

Ta ce, "Na buɗe, Anti."

Na ce, "Kin san abin da zai same ki in aka ji?"

Ta ce, "Shekara goma sha tara duk wanda ya rungume ni a kan kashin nan sai in ji kamar na sa hannu a jakarki. Sau uku ina ce wa Baba mu faɗa, yana cewa zan rasa komai. Ranar Asabar na ga Inez tana tafa mini. Na gaji, Anti. Wallahi na gaji."

Kaset sittin da biyar ne, ba ɗaya da ruwa ya taɓa. Kowane an naɗe shi a leda, an jera su bi da bi. Gida uku kuka sauya tun 1998, kana ɗauke da su. Na talatin da tara kwalinsa ya fi sauran tsufa, gefensa ya goge saboda yawan buɗewa. Wannan ne abin da na kasa ganewa, kuma ba ka nan balle in tambaye ka. Ka kasa zubar da su da hannunka, ka kasa ba ni. Ka zauna kana saurarena a gareji kai kaɗai, sannan ka shigo gida ka yanka mini talo-talo. Da ka ga mutuwa ta matso, sai ka ɗora wa 'yarka ta yi abin da kai ka ji kunyar yi.

Ban kunna ba sai da Rafael ya kawo Inez bayan makaranta. Muka zauna mu huɗu a kicin. Marcy ta sa kaset ɗin. Aka ji shuuu, sai ga muryarka, ƙarara, ba tari, ba robar iska. Aka ji ni ina faɗa a kan takardar gidan talabijin da muryata ta da, aka ji ka kana lallashina. Sannan ka ce, "Kashi na talatin da tara, ɗauka ta ɗaya. To, Loretta, naki ne." Tit, tit, tit. Toby ya shiga. Bayan ya gama sai aka ji ka kana jan hanci, ka ce, "Hector, kada ka taɓa komai. Loretta Baca, fito ki sha shayi."

Inez ta daɗe tana kallon na'urar. Sai ta taso ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan maƙogwarona, a daidai tabon tiyatar. Ta ce, "A nan yake da?" Na ce a nan yake. Ta ce, "Kaka, yi haƙuri." Yarinya 'yar shekara goma ta faɗi abin da na jira daga bakinka tun ina da sauran baƙin gashi.

Marcy ta karanta wannan takarda kafin in aika. Na ce in cire sunanta, ta ce in bar shi. An riga an soke gayyatar da aka yi mata zuwa wani taro a watan Yuli, domin ita da kanta ta rubuta musu. Ban san abin da za ta ci gaba da yi ba, ita ma ba ta sani ba. Ka ce sai ta tsaya da ƙafafunta za ka faɗa. Ta tsaya, Gus, ranar da ta ƙi bin maganarka.

Ba zan ce na yafe maka ba, don ba na son in yi ƙarya a kan kabari. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi kafin in biyo ka. Amma fushina nawa ne, ba na so ya zame maka nauyi a can. Ubangiji ya dubi mako shidan da ka ba mu ɗaki, ya dubi ihun da kake ajiyewa sai Juma'a, ya dubi shayinka mai ɗaci da duk muryar da ka tsare wa mai ita. Ya dubi cewa son 'yarka ne ya kai ka, ko da yake da haƙƙina ka biya. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sassauta maka tambaya a kan abin da ke tsakanina da kai.

Joanne, ke ba ki san komai a kan kwalin nan ba sai yanzu, kuma na san wannan takarda za ta ƙara miki ciwo a kan ciwo. Ki gafarce ni. Allah ya ba ki haƙurin rashin abokin zama na shekara hamsin da ɗaya. Ƙofata a buɗe take, miyar kazarki kuma ban manta da ita ba. Marcy, 'yata, Allah ya ba ki haƙurin rashin uba, ya buɗa miki wata hanyar da sunanki na gaskiya. Kashi na sittin da shida zuwa na ɗari da talatin naki ne, da guminki kika yi su, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni. Ga sauran abokan aiki da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban gilashin Gus, ina miƙa ta'aziyyata.

Kai kuma, tsoho, kai ka koya mini cewa ta huɗun ba a jin ta, mutum ne yake ƙirgawa a zuci ya shiga. Shekara goma sha tara ina tsaye ina jira ka ce nawa ne. Ba ka ce ba. Na ƙirga da kaina.

Ni ce Toby daga kashi na ɗaya zuwa na sittin da biyar. Sunan kyanwarka na mayar maka.

Loretta Baca
Burbank, Afrilu 2023